Ƙwayar ciwon jiki da take cin ciki: yadda za ka sha ba ka jawo wa kanka olsa ba

Kakar bara lokacin yankan shinkafa kawuna ya yanke jiki ya faɗi a bakin banɗaki da asuba, mutum ne da ban taɓa ganin ya kwanta ciwo ba, shekara sittin da 'yan kai amma idan ya kama lauje yaran yanzu ba sa kamo shi. Muka ɗauke shi a motar haya zuwa babban asibiti, aka auna jini aka ce ya yi ƙasa sosai, sai da aka ƙara masa leda uku. Likitan ya tambaye shi, "Baba, yaya launin bayan gidanka kwanan nan?" Ya yi shiru, can ya ce ai ya kai kwana biyar yana ganinsa baƙi wuluk kaman kwalta, ya ɗauka zogale ne. Aka ce wane magani yake sha, ya ce shi ba ya shan magani, ɗan haɗin gajiya ne kawai da yake karɓa a kemis idan ya taso daga fadama. Na koma gida na zazzage aljihun rigarsa, na sami ƙullin leda da ƙwayoyi biyar a ciki, da na nuna wa ma'aikacin asibitin ya ce uku daga ciki 'yan gida ɗaya ne, ta huɗun kuma ita ce mai ƙara musu wuta.

Tun daga nan na sa wa abin ido, na yi ta tambayar masu aikin lafiya, kuma na ga ba kawu kaɗai ba ne, duk ƙauyukanmu na nan Jigawa da gefen Kano haka ake yi, mai noman rani da mai dako da ɗan acaɓa da matar da ta wuni tana sussuka kowa da ƙwayarsa. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin daki-daki yadda na gane shi.

Fara da sanin sunayensu

Nan ne matsalar take farawa, domin mu da launi muke sayen magani, ba ni ja da fari, ba ni mai ruwan ɗorawar nan, ba ni mai hoton mutum ya dafe ƙugu. Alhali kamfani goma za su iya yin magani ɗaya kowa da kalarsa. Abin da za ka duba shi ne ƙaramin rubutun da yake ƙasan babban suna a jikin kwali ko bayan katin maganin. Dangin da nake magana a kai su ne masu kashe zafin ciwo da rage kumburi: ibuprofen, diclofenac, piroxicam, indomethacin, naproxen, meloxicam, sai kakansu aspirin. A kemis za ka ji ana ce musu Brufen, Cataflam, Voltaren, Feldene, Felvin, Indocid. Ibucap ma akwai ibuprofen a ciki. Garin Alabukun da ake kaɗawa a ruwa, wanda mutane ba sa ma lissafa shi a magani, aspirin ne miligiram 760 da sinadarin kafin a kowace 'yar takarda. In ba ka iya karatun boko ba ka ba yaronka ɗan makaranta ya karanta maka, ko ka ce wa mai kemis, "Malam, dan Allah wannan yana cikin masu taɓa ciki?" Idan ya san aikinsa zai gane abin da kake nufi.

Farasitamol ba ya cikinsu, wannan ka riƙe shi da kyau. Shi ba ya cin ciki, nasa haɗarin a hanta yake idan an wuce ƙa'ida.

Abin da suke yi wa cikin

Mutane suna ɗauka ƙwayar ce take sauka ta ƙona tumbi kaman garwashi, don haka in ka ci tuwo ka tare ta shi kenan. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma ba nan babbar ɓarnar take ba. Tumbin mutum yana fitar da ruwa mai tsami ƙwarai wanda yake narka abinci, har nama yana narkawa, to me ya hana shi narka tumbin da kansa tunda shi ma nama ne? Allah ya yi masa shafe, wani yauƙi ne mai kauri da yake lulluɓe bangon ciki, kaman yadda ake yaɓe ginin ƙasa kafin damina. Abin da yake sa jiki ya riƙa sabunta wannan yaɓen wani sinadari ne da ake ce wa prostaglandin, shi ne kuma yake sa jini ya wadaci bangon tumbin. To matsalar, irin wannan sinadarin ne dai yake kawo zafi da kumburi a gwiwar da take maka ciwo. Maganin idan ya shiga jini ba ya tambayar wanne ne na gwiwa wanne ne na ciki, duka yake rage su. Gwiwa ta yi sauƙi, yaɓen ciki ya fara zaizayewa, tsamin nan ya sami bango tsirara. Wani Baturen Ingila John Vane ne ya gano haka a 1971, har ya sami kyautar Nobel a 1982, wato ba sabon zance ba ne, mu ne dai bai iso mana ba.

Wannan ya sa wanda yake cewa ni ba na haɗiyar ƙwaya saboda ina da olsa, a yi mini allurar diclofenac kawai, yana yaudarar kansa ne. Allurar ma ta jini take bi ta je ta yi aikin da ƙwayar za ta yi, haka wanda ake cusawa ta dubura. Wanda ya fi sauƙi ga ciki shi ne na shafawa, man diclofenac da ake murzawa a gwiwa ko ƙugu, domin kaɗan ne yake shiga jini.

Kafin ka sha, tambayi kanka ko kana cikin waɗanda bai kamata ba

Ba kowa yake cikin haɗari iri ɗaya ba. Saurayi lafiyayye da ya sha ibuprofen kwana biyu saboda ciwon haƙori, yawanci ba abin da zai same shi. Amma idan shekarunka sun haura sittin, ko an taɓa ce maka kana da gyambon ciki, ko ka taɓa aman jini ko baƙin bayan gida, to kai ba naka ba ne sai da izinin likita. Haka wanda yake shan ƙaramin aspirin ɗin nan na miligiram 75 kullum saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko clopidogrel, in ya ɗora ibuprofen ko diclofenac a kai jini yana iya ɓallewa a ciki ya ƙi tsayawa. Amma fa kar ka ce ka ji aspirin yana cin ciki ka daina wanda likita ya ɗora ka a kai da kanka, koma ka yi masa bayani, shi zai san yadda zai kare maka cikin.

Sai prednisolone da dexamethasone, wasu magungunan rage kumburi da ake ce wa steroid. Su ba dangin nan ba ne amma idan suka haɗu da su abin yana ninkuwa, kuma dexamethasone ita ce ta huɗun nan da aka samu a ƙullin kawu. 'Yan uwana mata masu shan sha-ka-fashe don a yi ƙiba, da yawa irin wannan ce a ciki, sai ciwon mara ya zo a ɗora Felvin a kai, ciki bai san hawa ba bai san sauka ba.

Mai juna biyu ta bar su gaba ɗaya sai in a asibiti aka rubuta mata, musamman daga wata biyar zuwa sama, suna taɓa ƙodar jariri da jijiyar zuciyarsa. Mai ciwon ƙoda da mai hawan jini da wanda zuciyarsa ta kumbura su ma haka. Mu da muke yankin Haɗeja ba sai an ba mu labarin ciwon ƙoda ba, kuma mutum ya wuni a rana yana zufa bai sha ruwan kirki ba ya zo ya watsa diclofenac biyu, ƙodar ce take biya. Mai asma ma ya kula, wasu yana tayar musu. Yaro da bai kai shekara 16 ba kuma ba a ba shi aspirin, har da Alabukun.

Gwada mai sauƙi tukunna

Yawancin abin da muke kira ciwon jiki gajiya ce da rashin ruwa. Ka sha ruwa sosai, ka yi wanka da ruwan ɗumi, a gasa maka wurin da tsumma, in ya ƙi ka sha farasitamol. Babba yana shan ƙwaya biyu ta miligiram 500, ya bar aƙalla awa huɗu zuwa shida kafin ya ƙara, kar ya wuce ƙwaya takwas a kwana ɗaya, kuma ya tuna magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu. Na san abin da za a ce, wai farasitamol na yara ne ba ya jin jikin manomi. Kawu ma haka ya ce mini, "Kai ɗan nan, wannan ai alli ne." Amma da yawa ƙwaya ɗaya suke sha su ce bai yi ba. In gwiwa ce ko ƙugu, haɗa da na shafawa.

In dole sai ka sha

To guda ɗaya tak daga dangin, kar ka haɗa biyu. Wannan ita ce maganar da ta fi kowacce a duk rubutun nan. Ibuprofen da diclofenac tare ba sa ƙara kashe ciwo yadda ake zato, ƙofa ɗaya suke toshewa, amma ɓarnar ciki tana ƙaruwa. Shi ya sa haɗin kemis ɗin nan da ake ɓarewa daga kati a zuba a leda ko a ƙulle a takarda yake ba ni tsoro, ba suna, ba ranar lalacewa, ba ka san me ka haɗiya ba. Haka masu tallan magani da lasifika ranar kasuwa, ka je Gujungu ran Lahadi ko Maigatari ran Alhamis ko Wudil ran Juma'a za ka ji ana cewa ƙwaya ɗaya tana maganin sanyin ƙashi da basir da taifot, Allah na tuba. Ka ce a ba ka a katinsa, ka ga suna, ka ga lambar NAFDAC.

Idan za ka zaɓa, ibuprofen a ƙaramin awo shi ya fi dama-dama ga ciki: miligiram 200 zuwa 400, bayan awa shida zuwa takwas, kar ya wuce 1,200 a rana in ba likita ne ya ce ba. Diclofenac iyakarsa 150 a rana, kuma akwai mai 100 a ƙwaya ɗaya, wato in ka sha biyu ka riga ka tsallake. Piroxicam kuwa, Felvin ɗin nan da mata suka mayar abokin al'ada, yana cikin waɗanda suka fi cin ciki, ana shan miligiram 20 ne sau ɗaya a rana, kuma yana daɗewa a jiki, rabinsa ma sai ya yi wajen kwana biyu bai fita ba. Mai shan sa safe da yamma tara shi yake yi a jini bai sani ba. Indocid ma ba abin wasa ba ne.

Sha bayan ka ci abinci na gaske, tuwo ko ɗumame ko fura mai kauri, da ruwa kofi guda cikakke, ba kurɓi ɗaya ba, kuma kar ka haɗiya ka kwanta nan take, ƙwayar tana iya maƙalewa a maƙoshi ta yi ƙuna. Abincin yana rage ƙwannafi da tashin zuciya, amma kaman yadda na faɗa a sama ba ya hana gyambo in ka daɗe kana sha. Shayi da burodi a tsaye a bakin tasha ba shi ne cin abinci ba, ballantana goro. Goro da shayi mai kauri da taba duk suna ƙara wa cikin wahala, giya kuwa ba a magana.

Sannan kwanaki kaɗan. Uku, huɗu, in ya yi yawa biyar. Ciwon da ya wuce haka yana neman a duba shi ne, ba a ƙara masa ƙwaya ba. Da azumi kuma a yi hattara sosai, mutum ya sha Cataflam da sahur a kan ɗan kunu sannan ya wuni ba ci ba sha cikin zafin bazara, ciki da ƙoda duk suna ji. In ya zama dole, bayan buɗa-baki idan an ci abinci an sha ruwa ya fi.

Wanda ciwonsa na kullum ne

Akwai iyayenmu masu ciwon gaɓoɓi da ba sa iya ruku'u sai da magani, da masu sikila, waɗannan ba za ka ce musu su daina kawai ba. Su je asibiti a tsara musu. Yawanci likita yana haɗa musu da mai kare ciki, omeprazole miligiram 20 sau ɗaya a rana, ana shan sa da safe kaman rabin awa kafin karin kumallo, yana rage tsamin da tumbi yake fitarwa. Wani lokaci a canza musu zuwa celecoxib wanda ya fi sauƙi ga ciki, sai dai yana da tsada kuma mai ciwon zuciya ba kowa ake ba ba. Farin ruwan nan na olsa irin su Gestid da Mist Mag suna kwantar da zafi na ɗan lokaci ne kawai, ba sa hana gyambo fitowa, har ma suna iya rufe maka ido ka ci gaba da shan abin da yake cinka. Kanwa da ake jiƙawa a sha ma haka, ta kwantar yanzu anjima ya dawo, ga gishirin da ke cikinta ba ya yi wa mai hawan jini daɗi. Madara ma dai labarin ɗaya ne.

Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori da take zama a tumbi, wasu likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ita ce take haddasa yawancin gyambon ciki, aka ba su Nobel a 2005. Tana da yawa a ƙasashe irin namu, mutum yana ɗauke da ita tun yana yaro bai sani ba. Idan ta haɗu da waɗannan magunguna, kaman gini ne da gara ta riga ta ci sannan ruwa ya zo. Ana gwada ta da bayan gida ko numfashi, in an samu a ba ka haɗin maganin kashe ƙwayoyin cuta biyu da mai rage tsami na kwana 10 zuwa 14, kuma sai ka shanye duka. In za ka yi gwajin ka gaya musu idan kana shan omeprazole, domin yana ɓoye ta, yawanci sai an dakata da shi sati biyu.

Sa ido a kan jikinka, har da abin da ba a son kallo

Ƙananan alamu su ne zafi ko ƙuna a saman cibiya ƙasan ƙirji, ƙwannafi, yawan gyatsa, kumburin ciki, tashin zuciya, ƙoshi da wuri, wani kuma gudawa yake yi don maganin har hanji yana taɓawa. Ka ga ɗaya daga ciki, ajiye maganin ranar, kar ka ce bari in ƙarasa katin tunda na biya kuɗi. In kwana biyu uku bai lafa ba ka je a duba ka.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da yawa ba sa jin komai. Maganin kashe zafi ne ai, yana yin gyambon yana kuma ɓoye zafinsa, musamman ga tsofaffi. Kawu bai taɓa cewa cikinsa yana ciwo ba ko sau ɗaya. Abin da muka gani, da muka tuna daga baya, shi ne ya riƙa haki idan ya ɗauki buhu, yana cewa jiri yana ɗibarsa in ya miƙe daga zaune, tafin hannunsa ya yi fari fat. Jini ne yake tsiyaya a hankali. Don haka mai shan irin waɗannan ya riƙa waiwayawa yana duba bayan gidansa, na san da masai mai rami abin da wuya, amma ko a jikin buta da ruwan tsarki ana iya lura, ko a yi a fo rana ɗaya a duba da haske. Jinin da ya fito daga tumbi ba ja yake fitowa ba, ya riga ya narke, baƙi ne mai danƙo da sheƙi da wani irin wari da ba ka saba ji ba. Maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki a awo shi ma yana baƙanta bayan gida, amma nasa ba ya danƙo ba ya wannan warin, in kina shakka ki tambaya a asibiti kar ki yi shiru. Ka ja fatar ido ta ƙasa ka duba, in ta yi fari maimakon ja, je a yi maka gwajin PCV, wato na auna yawan jini, ko a ƙaramin asibiti ana yi kuma ba shi da tsada.

Lokacin da ba a jira gari ya waye

Aman jini, ko amai mai baƙin gari-gari kaman dusar kofi. Baƙin bayan gida irin wanda na faɗa. Suma, ko zufa mai sanyi da bugun zuciya da sauri. Ko ciwon ciki da ya zo farat ɗaya kaman an soka wuƙa, cikin ya ƙage ya yi tauri kaman allo, mutum ba ya son ko motsi, wannan alamar tumbi ya huje ne kuma aikin tiyata ne, kowace awa tana da lissafi. A nan ba maganar jiƙo ko rubutu ko a kira mai kemis ya sa ruwa a gida, a yi addu'a a cikin mota ana tafiya. Kar a ba shi abinci ko ruwa ko wani magani ta baki, in yana amai a kwantar da shi ta gefe kar ya shaƙe.

A wuce babban asibitin da yake da ɗakin tiyata da wurin ƙarin jini, ƙaramin asibitin ƙauye zai tura ku gaba ne kawai. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku irin su Rasheed Shekoni a Dutse ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, ko Kano asibitin Malam Aminu Kano inda ake zura 'yar kyamara ta baki a ga gyambon ido da ido. Ku tafi da maza biyu uku masu lafiya da za su iya ba da jini, domin mu sai da muka yi ta waya gida ana neman wanda zai zo, muka ɓata rabin wuni a kan haka. Kuma ku kwashe duk maganin da yake sha ku tafi da shi, katin da ya ƙare, ƙullin leda, kwalbar gargajiya, har wanda yake ɓoyewa a aljihu ko ƙarƙashin katifa, tunda in likita ya tambaya ce masa zai yi shi ba ya shan komai.

Bayan an sallamo shi a rubuta a takarda cewa an hana shi waɗannan magunguna, da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa nunawa duk inda za a ba shi magani ko allura. Ta kawu na rubuta masa da boko da ajami na sa a leda, tana cikin aljihun da ƙullin yake zama da. Ran nan na ji yana gaya wa yaron kemis, "Karanta wannan tukunna kafin ka ɓare mini komai."